Gwaggo da Waƙar Tafkin Kuza

Ranar da aka kai Gwaggo makwancinta, yayyafi aka wuni ana yi a Jos, irin siririn nan da ba ka sanin ya jiƙa ka sai ka shiga ɗaki. Maza suka dawo daga maƙabarta da jar laka a takalmansu, suka zazzauna a rumfar da aka kafa a ƙofar gidanmu na Rikkos. Mu mata muna ciki, an shimfiɗa tabarmi tun daga zaure har bakin madafa.

Na ɗauka makokin na dangi ne da 'yan unguwa kawai. Gwaggo yayar mahaifina ce. Mijinta ya rasu tun ina ƙarama, Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma ta daɗe ba ta zuwa ko'ina in ba asibiti ba ko gidan suna. Amma tun ranar farko sai ga baƙin fuskoki. Wani mai keke ya tsaya a ƙofa, ya cire hularsa ta sanyi yana murzawa a hannu, ya tambayi maza, "Don Allah nan ne gidan tsohuwar nan mai waƙoƙi?" Da aka ce nan ne, sai ya ce bai taɓa ganin ta ba, amma kullum tare suke wuni, daga Terminus zuwa duk inda fasinja ya ce. Ya yi addu'a, ya goge ido, ya tafi.

Tsofaffin abokan kasuwancinta kuwa mamaki suke yi. Ɗaya ta jawo ni gefe ta ce, "'Yar nan, wai da gaske ne muryarta tana cikin waya? Shekara nawa muna jere da rumfa, ban taɓa jin ta rera ko baiti ɗaya ba. Ni dai ciniki na san ta da shi, da faɗa in an taɓa mata atamfa da hannun mai."

Ranar sadakar uku wata mata ta zo daga Zariya, fara, siririya, da tabarau. Ta yi sallama a hankali, ta ce mini ita ce mai duba waƙoƙin. Ban san lokacin da na rungume ta ba. Shekara huɗu tana sauraren duk abin da Gwaggo ta ɗauka kafin a sake shi ga jama'a, ba su taɓa haɗuwa ba. Ta roƙe ni in nuna mata inda Gwaggo take zama ta yi karatun. Na kai ta ɗakin baya. Ta daɗe a tsaye tana kallon lungun, sannan ta ce, "Na san ƙarar ƙofar nan. Na san zakaran maƙwabtanku. Ashe ɗakin ƙarami ne haka." Sai ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka.

Ganin waɗannan mutane ne ya sa na ce bari in rubuta abin da na sani game da ita, tun ina iya tuna yadda take tari kafin ta soma.

Gwaggo ba mai sauƙin hali ba ce, kada in yi wa mamaciya ƙarya. Tana da tsabta har ta gajiyar da mutum. Ba ta shan shayin da wani ya haɗa. In ka gaishe ta kana tafiya ba ka tsaya ba, sai ta kira ka ka dawo ka sake. Atamfa da leshi take sayarwa a babbar kasuwar Terminus, har gobarar nan ta cinye kasuwar. Abin da ta tsira da shi 'yan turamen da ta kawo gida ne don wata amarya ta zaɓa. Daga nan ba ta sake kafa rumfa ba. Ta koma ɗakin baya, ta zama mai yawan shiru, tana kallon duwatsu ta taga in gari ya waye, lokacin da gajimare yake sauka ya kwanta a kansu kamar an shanya farin mayafi.

Yadda ta shiga wannan aiki, fushi ne ya shigar da ita. Ni malamar firamare ce. Wata rana na dawo daga makaranta ina sauraren wata tsohuwar waƙar wa'azi a waya. Wata ƙungiyar 'yan sa kai ce take ɗaukar irin waɗannan waƙoƙi da murya, tana sa su a intanet kyauta, don makafi da waɗanda ba sa karanta ajami da duk mai so. Gwaggo tana tsince shinkafa a tire. Sai na ga hannunta ya tsaya.

"Wane ne wannan?"

Na ce wani saurayi ne, ban san shi ba.

"Ya karya wa waƙar ƙafa. Ji inda ya ja, nan ba a ja. Ji inda ya yi numfashi, tsakiyar kalma! Kira mini shi."

Na yi dariya na ce ba a kiran su haka. Ta ce to in rubuta musu. Na rubuta abin da ta faɗa, na rage masa kaifi. Bayan kwana biyu amsa ta zo daga wannan mata ta Zariya. Ta ce sun gode, su ma masu koyo ne, babu wanda ake biya a cikinsu, kuma in Hajiya za ta iya, ƙofa a buɗe take. Da na karanta mata, Gwaggo ta yi tsaki ta ce, "In zan iya?" Ta ajiye tiren.

Ranar ce na san cewa kakanmu, wanda su Gwaggo suke kira Baffa, ba leburan kuza kawai ba ne. Da ƙafa ya zo Jos daga ƙasar Kano yana saurayi, ya yi aikin haƙa da wankin kuza, amma in ya dawo da yamma sai ya zauna a kan buzu ya buɗe takardun ajami yana rera waƙoƙin malaman da. Gwaggo ce take riƙe masa takardun don kada iska ta kwashe. A nan ta koyi karatun, a nan kuma karin ya shige ta, ya zauna shiru fiye da shekara sittin.

Muka sayi ƙaramin makirufo da ake maƙalawa a waya. Ɗaukar farko da muka aika, mai duba ta dawo da ita. Ta ce muryar ta yi kyau ƙwarai, amma ɗakin yana amsa kuwwa, kuma ana jin injin markaɗe. Gwaggo ta ji haushi kwana ɗaya, kashegari ta sa na ɗaura igiya a lungun ɗakinta daga ƙusa zuwa ƙusa. Ta buɗe akwatin da ba ta taɓa buɗewa a gabanmu ba, ta fito da turamen nan da suka tsira daga gobara, muka rataye su ninki biyu har suka zama ɗan ɗaki a cikin ɗaki. In rana ta ɗaga, hasken taga yana ratsa zannuwan ya sauka a fuskarta, wani wuri shuɗi, wani wuri ruwan goro. In na shiga na zauna kusa da ita sai in ji kamar mun bar Rikkos, muna wani wuri da ba shi da suna, inda babu komai sai ƙamshin sabuwar atamfa da muryarta.

Muryar tana da kauri, da ɗan gurzo a ƙasanta. Ba ta ɗaga ta. Takan soma kamar mai yi wa kanta magana, sai ka ga ka daina motsi ba ka sani ba.

Neman shiru a unguwarmu kuwa aiki ne. Da hantsi take ɗauka, ranakun da ba ni da makaranta, daga baya ma ta koyi latsa wayar da kanta. Ita kaɗai ce a Rikkos take murna in an ɗauke wuta, don injin markaɗen maƙwabta yakan mutu. Sai ta ce, "Maza, 'yar nan, kafin su tada janareta!" Mukan samu baiti goma, wani lokaci goma sha biyar. Da damina kuma ruwa yakan sauko a kan kwano ana tsakiyar waƙa. Ba ta fushi da ruwa. Takan rufe takardar, ta jingina da bango, ta lumshe ido ta ce, "Bar shi ya gama nasa."

Tsakaninta da mai duba akwai wasa da faɗa. Saƙo yakan zo: a minti kaza zakara ya yi cara, a minti kaza an ja kujera. Gwaggo takan ce, "Wannan yarinya kunnen me gare ta? Ki ce mata zakaran ba nawa ba ne." Amma sai ta sake ɗauka, ko sau biyar ne. Abu ɗaya ne ba ta taɓa yarda da shi ba. Na koyi yanke sautin numfashi a kwamfuta, na yi mata a wata waƙa don ta ji daɗi. Da ta saurara sai ta ɓata rai. "Ina numfashina? Mayar mini da shi. Wanda zai ji ya san mutum ce ta zauna ta karanta masa."

Akwai wata mata da take kawo mana madara daga Vom duk Asabar, Kirista ce, mijinta ya makance bayan ya yi ritaya. Wata rana ta iske Gwaggo a cikin zannuwa, ta tsaya a bakin ƙofa da galan a hannu har aka gama. Ta ce, "Mama, wannan abu ya taɓa ni. Oga na yana zaune kawai a gida, ba ya magana da kowa." Asabar ta gaba Gwaggo ta miƙa mata ƙaramar rediyo mai cin memori, ta zaɓi waƙoƙin da suke maganar damina da tafiya da haƙuri ta sa na zuba a ciki. Bayan wata guda matar ta dawo tana dariya ta ce, "Mama, oga ya ce a gaishe ka. Yanzu shi ne yana damun mu da waƙa tun safe." Daga nan duk sabuwar da aka ɗauka, mutumin Vom ne yake fara ji, tun kafin ta isa Zariya. Gwaggo ba ta taɓa ganin sa ba. Amma ta ce mini in ta shiga cikin zannuwa shi take hangowa, zaune a kan benci yana fuskantar rana, shi take karanta wa.

A shekara ta huɗu ne ta ce mini akwai wata waƙa da ba ta cikin takardun da ƙungiya take aiko mana. Baffa ne ya yi ta da kansa, doguwa ce, labarin zuwansa Jos da rayuwarsa a filin kuza. Kwafi ɗaya ne, da rubutun hannunsa, kuma a rumfarta ta kasuwa take ajiye shi cikin akwatin ƙarfe, don tana ganin can ya fi tsaro. Ya tafi da gobara. Abin da ya rage yana kanta.

Na rubuta wa mai duba da murna. Amsarta ta sanyaya mini jiki. Ta ce ƙungiyar ba ta ɗaukar waƙa sai wadda mai ita ya daɗe da rasuwa har doka ta mai da ita ta kowa, kuma shekarun rasuwar kakanmu ba su kai ba tukuna. Hanya ɗaya ce: duk magadansa su sa hannu cewa sun sake ta ga jama'a. Magadan kuwa biyu ne suka rage, Gwaggo da Baba, mahaifina.

Baba mutum ne mai sanyi, tela ne, bai taɓa ɗaga wa yayarsa murya ba. Dama can bai cika son wannan aikin ba, amma ya kau da kai. Gwaggo ta kira shi bayan la'asar, ya zo ya durƙusa a bakin ƙofarta kamar yadda ya saba. Ta yi masa bayani, ta tura masa takardar.

Bai ko taɓa ta ba. Ya ce, "Yaya, wace waƙa?"

"Ka san wadda nake nufi, Malam."

"Ta ƙone."

"Takarda ce ta ƙone."

Baba ya ce, "Na yi haƙuri muryarki tana yawo a kasuwa da tasha, maza suna ji. Mutane sun yi mini magana a masallaci, ban gaya miki ba. Amma ba za a kai sirrin gidanmu duniya ba. Ba da hannuna ba."

"Muryata ce ta dame ka yau, bayan shekara huɗu? Zauna ka ji ta sau ɗaya har ƙarshe, in ka ce a'a na bari."

Baba ya miƙe. Ban taɓa ganin ya tashi daga gabanta ba ta sallame shi ba. Ya ce, "Allah Ya huci zuciyarki, Yaya," ya fita. Ta bi shi da murya har zaure: "Tashi ka fita! Aikinka ke nan tun kana yaro!"

Wata biyar ba ya shiga ɗakinta. Yakan tsaya daga waje ya gaishe ta, ta amsa a taƙaice. Gidan ya yi nauyi.

Ita ce ta gaya mini dalilin, wata safiya da ruwa ya hana mu aiki. Ta ce suna da ƙanwa. Ban taɓa jin an ambace ta ba. Yarinyar tana da shekara biyar, Baba yana da tara. Wata rana ya tafi wanka wani tsohon ramin kuza da ruwa ya cika ya zama tafki, ta biyo shi tana kuka sai ya tafi da ita. Ya zaunar da ita a baki ya ce kada ta motsa. Da ya ɗago kai daga ruwa babu ita. Sai kashegari aka same ta.

"Baffa bai doke shi ba, bai yi masa faɗa ba, bai ce masa komai ba. Mazan da haka suke, ba su iya magana da 'ya'yansu ba. A waƙa ya sa abin da yake ransa. To duk lokacin da ya soma rerawa ya kusa zuwa tafkin, sai ubanki ya tashi ya fita. Yana zaton tsine masa aka yi a ciki. Shekara uku Baffa yana rerawa yana kallon ƙofa, har ya rasu."

Na ce, "Gwaggo, me ya hana ki gaya masa?"

"Na gwada, ba sau ɗaya ba. Da na ce tafki sai ya nemi takalminsa. Kuma in ni na faɗa, zai ce lallashin yaya ne. Maganar Baffa ce, yadda ya jera ta haka nake so ta shiga kunnensa."

A cikin waɗannan watanni ne muryarta ta soma dishewa. Muka ce sanyin Jos ne. Ta sha zuma da citta, abin bai tafi ba. Da muka je asibiti aka yi gwaje-gwaje, likita ya kira ni gefe ya ce ciwo ne a maƙogwaro, kuma ya yi nisa. Gwaggo ta karanta a fuskata tun kafin in yi magana. A cikin keke muna dawowa ba ta tambaye ni kwana nawa suka rage mata ba. Abin da ta ce shi ne, "Baiti ɗari da wani abu ne, 'yar nan. Ban rubuta ko ɗaya ba."

Muka soma rubutawa, tana faɗa ina sa wa a boko. Amma ta ce rubutu ba ya riƙe kari, kuma muryar kullum raguwa take yi. Kafin mu kai rabi ta koma raɗa, sai na kai kunnena bakinta nake ji. Takan shiga cikin zannuwan ta zauna ita kaɗai, makirufo a gabanta, ba ta kunna komai ba.

Ni ce na je wurin Baba. Na same shi a shago yana kan keken ɗinki. Na durƙusa na ce, "Baba, ka gafarce ni in na yi rashin kunya. Muryar da ka ce kada ta fita, ta tafi. Yanzu babu mai ji. Ba sa hannu na zo nema ba. Ka zo ka zauna da yayarka." Bai ɗago ba. Ƙafarsa dai ta tsaya a kan keken.

Kashegari da hantsi sai ga sallamarsa a ƙofar ɗakin. Ya cire takalmi, ya shigo, ya ɗaga zanen ya leƙa. Gwaggo ta matsa masa. Wurin ba ya ɗaukar mutum uku, don haka na tsaya daga waje ina riƙe da waya, ina ganin inuwarsu a jikin atamfa, kawuna biyu masu furfura sun kusa haɗuwa.

Na ji raɗarta: "Ni ba ni da murya. Kai kana da ita. Zan faɗa, ka maimaita."

"Yaya, ban iya ba."

"Ka iya. Muryarsa ce da kai, tun da ka girma nake jin ta a zaure."

Ta ɗaga zanen ta yi mini alama in kunna. Baba ya gani, bai hana ba.

Suka soma. Takan raɗa ɗango ɗaya, ya ɗauka ya rera. Da farko yana tuntuɓe, tana dukan gwiwarsa da yatsa tana ba shi kari. Kafin baiti na goma ya daina jiran yatsan. Ashe rabin farko duk yana kansa. Na tsaya ina jin kakan da ban taɓa gani ba yana tahowa da ƙafa, yana hawan dutse, yana mamakin garin da ruwa yake daskarar da hannu, yana wanke kuza a kwano har bayansa ya ƙage. An ɗauke wuta a ranar, kuma ban san dalili ba, babu wanda ya tada janareta. Unguwar ta yi tsit kamar ita ma saurare take yi.

Sai suka iso tafkin. Na gane ne don muryar Baba ta tsaya. Inuwarsa ta motsa, ya dafa ƙasa zai tashi. Na ga hannun Gwaggo, wanda ya rame har ya zama kamar kara, ya kama bakin rigarsa. Ba ta da ƙarfin riƙe ko kaza. Da ya so da ya fizge. Ya koma ya zauna.

Ta raɗa, ya maimaita. Yadda aka nemi yarinyar, yadda aka fito da ita, yadda uwarsu ta ƙi sakin zanenta. Bai tsaya ba. Sannan ta raɗa masa wani ɗango, ya buɗe baki ya faɗi rabinsa kafin ma'anar ta iso masa:

"Ku ce wa ɗana ya ɗaga kansa,
Ba shi da laifi wurin ubansa.
Ramin da ya ci ta, mu muka haƙa shi,
Muka kwashe kuza, muka tafi muka bar shi."

Ɗango biyu na ƙarshe da kuka ya faɗe su. Dattijo mai shekara saba'in da ɗoriya, yana kuka irin na yaron da aka daɗe da bari a waje sannan aka buɗe masa ƙofa. Na kai hannu zan kashe wayar, Gwaggo ta girgiza mini kai ta tsakanin zannuwa.

Da ya lafa ya ce, "Yaya, haka ya ce? Ba ke kika ƙara ba?"

"Ni na iya waƙa? Haka ya ce. Yana faɗa yana kallon ƙofar da ka fita."

Sannan na ji Baba ya share murya ya ce, "Ci gaba, Yaya. Saura nawa?"

Kwana uku suka yi kafin su kai ƙarshe, don tana gajiya da wuri. A rana ta uku, ba wanda ya tuna masa, ya ce in kawo takardar. Ya sa hannu a ƙarƙashin nata. Na ce zan share raɗar Gwaggo a kwamfuta a bar muryarsa kaɗai, don haka ƙa'idar ƙungiya take. Ya ce in an cire ta shi ma a cire shi. Na aika haka nan, da raɗar, da kukan, ina jiran dogon saƙon gyara. Amsar da ta zo daga Zariya layi ɗaya ce: babu gyara.

Gwaggo ta yi kwana goma sha ɗaya bayan nan. Baba ya rufe shago, ya tare a bakin gadonta, shi yake ba ta ruwa da cokali. Ana gobe za ta rasu, da rana tsaka, ta yi alama a kunna mata waƙar. Muka saurara mu uku tun daga farko har ƙarshe, idonta a rufe, har na zaci barci ya ɗauke ta. Da aka gama sai ta motsa yatsa tana kiran Baba. Ya sunkuya ya kai kunnensa, yana jiran wasiyya. Na ga kafaɗunsa sun soma girgiza, na ɗauka kuka ne, ashe dariya yake yi, hawaye na zuba.

Na ce, "Baba, me ta ce?"

"Wai na yi sauri a baiti na arba'in. Wai in sake."

Allah, ga baiwarKa nan ta zo, wadda ta riƙe amanar ubanta shekara sittin har ta kai ta kunnen mai ita. Ka yafe mata kaifin harshenta, Ka sanyaya mata kabari, Ka haɗa ta da Baffa da ƙanwarsu a inuwa ɗaya. Mu kuma da muka rage, Ka ba mu haƙurin zama mu ji magana har ƙarshenta. Amin.